Tsufan Tsaye

A filin Berger, gefen titin Apapa,
ta tsaya fara fat, a-kori-kura mai ƙofa huɗu.
An ɓare tambarin kamfani daga jikinta
amma inuwarsa na nan, kamar gurbin zobe a yatsa.

Alhaji Wasiu ya daki bonet da tafin hannu:
"Kilomita dubu sittin kacal.
Ba ta san Ibadan ba, balle gadar Jebba.
Motar ofis ce, ba ta taɓa ɗaukar buhu ba."

Ni kuwa tuni na loda mata albasa a zuci,
daga Mil Sha Biyu zuwa Ajah kafin a kira asalatu,
har na zaɓi abin da za a rubuta a bayanta.

Sallau bai ce uffan ba.
Bakanike ne, kunnensa ya fi bakinsa aiki.
Ya shiga, ya murɗa makulli,
ya danna wani ɗan maɓalli da ban san da shi ba,
sai wata lamba ta leƙo daga bayan ta farko.
Awa dubu bakwai.
Inji na kunne, taya na kwance.

Ya ce, "Dubi kujerar direba."
Ta lotsa kamar tsohon turmi.
"Yanzu dubi totur."
Robarsa sabuwa, ko zanenta bai goge ba.
"Wanda ya riƙe ta zama ya yi, ba tuƙi ba.
Yana ƙofar wani bene a Ikoyi,
gilashi a rufe, sanyi na busawa,
oga na sama yana taron da ba ya ƙarewa.
In ba can ba, to yana kan gada,
rana ta fito ta faɗi bai ci zango biyu ba."

Ya buɗe murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa.
Abin ya kama kamar daddawar da ta kwana a ruwa.
Ya sa ni na tsuguna bayan salansa.
Hayaƙin shuɗi-shuɗi ne, siriri,
irin na mai ciwon da ke cewa lafiya lau.

"A lissafina," in ji shi,
"kowace awa guda ta tsayuwa
ka ɗauke ta tafiyar kilomita hamsin.
Tara da kanka.
Ta je Sakkwato ta dawo ya fi sau ɗari
ba ta bar ƙofar gida ba."

Sai na yi shiru, don na san wannan lissafin.
Shekara tara na yi a layin tashar jiragen ruwa
ina yaron mota, ina kwana ƙarƙashin tirela,
muna matsawa taku goma tsakanin Litinin da Laraba.
Ban je ko'ina ba.
Amma tambayi gwiwata,
tambayi furfurar da ta riga ni isa arba'in.

Na shafa ƙeyar motar.
Tausayi ba ya gyara fistin, na sani.
Na ce da Alhaji ya cire kuɗin sauke inji,
ya cire na lagireto, sannan mu yi magana.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace,
ya ce akwai mai zuwa gobe daga Ikorodu
wanda ba ya yawo da likita.

Allah ya ba shi sa'a, na ce,
shi da mai zuwan.

Muka hau bas, muka maƙale kafin Mil Biyu.
Ruwan sama ya fara yayyafi a kan kwanon motar.
Hagu da dama, gaba da baya,
injuna dubu suna gurnani wuri guda,
kowanne agogonsa na ɓoye yana ci.
Sallau ya jingina kai, ya yi barci.
Ni na zauna da kuɗina a cikin safa,
ina sauraro.